Gurbin Babanka a Majami'a

Kwamba, Suleja

Ɗana Ishaya,

Ina gaishe ka da sunan Ubangiji. Yaya karatu, yaya sanyin Sikotland? Yaya Rahila da jikata? Mu nan lafiya, sai kewa.

Ranar Lahadi aka cike gurbin marigayi babanka a cikin dattawan ikkilisiya. Bayan sujada Fasto ya ce kwamiti ya riga ya naɗa wani ɗan kwangila daga Madalla, tunda shi ya yi wa majami'a rufi. Ka san ban taɓa magana a taro ba, amma sai na ga na miƙe. Na ce, "Baba Fasto, ka yi haƙuri. Maigidana yakan ce mutanen Sikotland, da muka gaji wannan tsari a wurinsu, sun sha wahala don kada sarki ko masu gari su naɗa musu shugabannin ikkilisiya. Jama'a ke ɗaga hannu."

Aka ɗaga hannu, Malam Yohanna tela ya ci zaɓen. Har yau matar ɗan kwangilar ba ta amsa gaisuwata.

Da na dawo gida na ce, "Baban Ishaya, ka ji abin da na yi?" Sai hularsa na gani a ƙusa.

Tunda tarihin mutanen Sikotland kake karantawa, ka rubuto mini ko daidai na faɗa. Ba na son in ƙara wa babanka magana alhali ba ya nan balle ya gyara mini.

Ka gaishe da Rahila. Ku sa ni a addu'a.

Mamarka,
Saratu