Injin da Sai an Tsaya a Kansa

Yaya Zorka,

Na fita kina barci, zama ya gagare ni. Jiya manaja Lazić ya aike ni zaɓo wa ofis injin gahawa. Ya ce, "Mai maɓalli ɗaya, Milutin, kowa ya matsa wa kansa." Nan take na gane aikinki na dafa wa ofis gahawa ne zai tafi.

Na zaga shagunan Niš, na ɗauko wanda sai an niƙa, an danna, an tsaya a kansa. Yau manaja zai gani, ban san me zai ce ba.

Ki zo ofis da wuri, mai shagon zai koya miki. Don Allah ki bar gardamar butar gahawarki ta tagulla. In manaja ya tambaya, ki ce kin iya. Ni ma da furfurata na koyi karatu.

Milutin