Ruwan Azurfa da Albasa a Taga

Litinin, 7 ga Afrilu

Na gano abin da matata Agnes ke ɓoyewa a bayan buhun gero. Kwalba ce mai ruwa ɗorawa-ɗorawa, an rubuta "nano" a jikinta da manyan haruffa. Ruwan azurfa. Cokali take sha safe da yamma. Maganin sukarin da likita ya ba ta kuwa yana cikin ledarsa, ko ɓalle shi ba a yi ba. Ƙawarta Felicitas, mai shagon man shafawa a kasuwar Monday, ita ta ba ta. Wai babu ƙwayar cutar da ba ya kashewa.

Na ce, Maman Serah, abin da ke kashe ƙwayar cuta bai san sunanki ba balle ya ƙyale ki. Ta ce, "Baban Serah, laccar ce aka fara? Bari in jawo kujera."

Rabin rayuwata na yi ina koyar da kimiyyar sinadarai. Yau a gidana ma ba ni da ɗalibi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Zafi, babu wuta. Na zauna na tashi, na fita ƙofar gida na dawo.

Abin da nake so ta gane ba wuya. Azurfar zobe ba ta cutar da kowa. Amma idan aka mai da ita ƙanana har silin gashi ya zama gungumen itace a gefensu, halinta ya sake. Dunƙulen kanwa yakan daɗe a ruwa, niƙaƙƙiya kuwa nan take ta narke. Haka ita ma. Tana iya kutsawa cikin ƙwayar halitta, irin waɗanda aka gina ƙoda da hanta da su, ta zauna tana narkewa a ciki. Ɓarnar ta danganta da girmanta, da siffarta, da abin da aka lulluɓe ta da shi. Wa ya san girman na cikin kwalbar nan? Mai haɗawar ma ina shakka.

Littattafan da zan duba, ambaliyar bara ta mai da su kunu. Dama wa ke buƙatarsu.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na je shagon Felicitas da niyyar faɗa. Ta ba ni kujera da ruwan sanyi. Ta jawo irin kwalbar daga jakarta ta kurɓa a gabana. "Oga Malam, da guba ne zan sha? Maman Serah 'yar'uwata ce fa." Ba macuciya ba ce. Da macuciya ce da na fi samun sauƙi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Takalmin coci ya ƙi shiga ƙafar Agnes. Ta sa silifa, ta ce zafi ne. Na danna idon sawunta da yatsa, gurbin ya tsaya bai cike ba. Sukarin ne ya fara cin ƙodarta? Azurfar ce? Ban sani ba. Asibiti kuwa ta ce sai dai a ɗauke ta.

'Yarmu Serah ta kira daga Jos. "Baba, kai faɗa kake yi kana kiransa bayani." Ita ma ta koyi baki.

Talata, 15 ga Afrilu

Na sayo ƙananan albasa a bakin titin Bolori. Na kankare gindinsu, na ɗora kowace a bakin kofin shayi, gindin yana taɓa ruwa. Wasu ruwan burtsatse zalla. Wasu na zuba musu cokali daga kwalbarta tana can wurin zumuntar mata. Tsohon gwaji ne, muna yi da ɗalibai tun ana ba makarantu kayan aiki. Saiwar albasa da sauri take tsiro, don ƙwayoyin bakinta rabuwa suke ba hutawa. Abin da ya taɓa su, ido zai gani.

Na jera su a tagar ɗakin girki, nan ne da inuwa. Na sake gyara musu zama har sau uku. Tsufa ne.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na leƙa tagar nan yau har na ji kunyar kaina.

Asabar, 19 ga Afrilu

Sun nuna. Na ruwa zalla saiwarsu fara tas, doguwa, kamar gemun tsoho. Na azurfa guntaye, bakinsu ya yi launin ƙasa, wasu sun lanƙwashe. Ban yi murna ba. Wannan ne take sha.

Zan bari Ista ta wuce in zaunar da ita. Har na tsara yadda zan fara da yadda zan rufe.

Lahadi, 20 ga Afrilu, Ista

Na tsaya gaisawa bayan sujada, ita ta riga ni dawowa don girkin baƙi. Na shigo na tarar da rabin kofunan ba albasa. Masu kyan, na ruwa zalla, waɗanda da su ne zan kwatanta. Suna cikin miya.

Na ɗaga murya, har Pindar maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga. Ta ce albasarta ce ta ƙare, kuma tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa jin albasar da ke tagar ɗakin girkinta ta fi ƙarfin tukunyarta ba. Na ce to don me kika zaɓe, kika bar sauran?

"Waɗannan? Dubi saiwarsu, kamar wuta ta lashe. Ba lafiya gare su ba. Ni ba zan sa wa mutane wannan a abinci ba."

Na ce, cokali ɗaya-ɗaya na kwalbarki ne a ruwansu.

Duk laccar da na tsara tana nan a bakina. Ban san abin da ya hana ta fita ba. Ta ɗaga guda, ta juya ta, ta taɓa saiwar da farce. Can ta ce, "Ni ai ba albasa ba ce." Na ce gaskiya ne. Na ce albasa ba mutum ba ce, ban san abin da yake yi miki ba, kuma rashin sanin ne ya hana ni zama wuri ɗaya. Ban taɓa ce mata ban sani ba a kan irin wannan. Ta dube ni kamar baƙo.

Miyar ta yi daɗi. Haushi.

Talata, 22 ga Afrilu

Asibiti. Da ƙafarta ta je. Ƙodar ta gaji amma ba ta lalace ba. Likitar, yarinya ce sa'ar Serah, ta ce ba za ta iya rabe laifin sukari da na azurfa ba, a dai daina ruwan azurfa a koma maganin sukarin. A layin gwajin jini na haɗu da Abdulwahab, tsohon ɗalibina, yanzu shi ke riƙe da ɗakin gwaji. Ya rusuna ya gaishe ni da Barbarci, "Wushe, Malam!" Agnes ta kwashe labarin albasa ta ba shi, har da ihun da na yi.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Takalmin ya shiga, da ƙyar.

Ba ta zubar da kwalbar ba. Ta dire ta a teburina ta ce, "Ka ci gaba da shayar da 'ya'yanka." Ita ta sayo sabbin albasa, ta ɗaura wa kofunan jan zare don kada ta sake miya da su. Wai a yi jeri biyu, ɗaya za a kai shagon Felicitas, kuma ita za ta yi magana, ni in yi shiru.

Abdulwahab ya aiko in kawo saiwar ranar Litinin mu duba ƙwayoyin a madubinsu na ganin ƙananan halittu. Na ce sai na gani. Me za a gani da zai sake wani abu a garin nan.

Na hura gawayi a dutsen guga na goge farar rigata ta ɗakin gwaji. Ta daɗe a yamutse ne kawai.