Ungulu a Kan Katangarmu

Yaya Hawwa,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu a Umdurman sai godiya.

Kurciyoyin darbejiyarmu, waɗanda nake sassaƙawa a allon katako in buga a takarda, sun gudu tun da harbe-harbe suka matso. Yanzu ungulu biyu ne kan katanga, kullum a ƙoshe. Jiya maƙwabcinmu ya tarar ina zana su, ya ce, "Adamu, ka san abin da suka ci?" Na ajiye fensirin.

An fasa nunin zanenmu na Khartum. Allunan na naɗe a leda na binne, taku uku daga randa. Ki riƙe wannan, ko da ba ni zan tono ba.

Gaida kowa. Ku sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Adamu