Tumakin Baba Sun Kusa Haihuwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya kuma ƙarin haƙurinmu?

Tumakin Baba sun kusa haihuwa. Ka tuna ba ya sakin ragon cikinsu sai damina ta kankama, don haihuwa ta zo daidai da sabuwar harawa. Bana ma lissafinsa bai kuskure ba. Harawa ta cika kasuwar Samaru, hantsar farar tunkiyar kuma ta sauko.

Na share garken, na shimfiɗa ƙaiƙayi, na jiƙa musu kanwa. Yi kawai nake, ba na jin komai.

Jiya Kawu Isa ya kawo dillali daga Sabon Gari, wai a sayar da su kafin rabon gado. Sai da suka tafi Mama ta ce, "Binta, ko ɗa guda ne a bari in gani."

Kai ne babba, ka kira Kawu ya dakata sai sun haihu. Abin da Baba ya bari bai ƙarasa ba ke nan.

A sa mu a addu'a. Mama tana gaida kowa.

Ƙanwarka,
Binta