Zoben da Ba Kowa a Cikinsa

Litinin, 7 ga Oktoba

Na'urar layin asibitin nan ta sake haɗiye mutane. Karo na uku ke nan cikin wata guda. Mutum talatin da ɗaya a zaune riƙe da 'yan takardun lambarsu, allon bango kuma ya ce babu kowa a layi. Oga ya shigo da waya a kunne yana ta "a yi haƙuri, likita, a yi haƙuri", da ya kashe sai ya bi mu da kallo kamar mu muka cinye su.

Mu uku ne a ɗakin aiki na kamfaninmu mai ƙera na'urar. Ni, Dogo mai haɗa allunan lantarki, sai Baba Takarda. Baba ne ya rubuta manhajar cikin na'urar da yaren kwamfuta na C shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin ina sakandare. Ni aka ɗora wa binciken. Kaina na sarawa tun safe, fankar sama kuma ta dawo da kukanta.

Talata, 8 ga Oktoba

Bari in rubuta shi a nan ko kaina ya daina juyawa. Memorin na'urar, wato ma'ajiyar bayananta, ɗan mitsitsi ne, don haka layin marasa lafiya sarƙa ce. Duk wanda ya danna maɓalli sai a yi masa zobe ɗaya, a sa lambarsa a ciki, a sa adireshin zoben da ke bayansa. Iyakar abin da zobe ya sani ke nan, ko wanda ke gabansa bai sani ba. Ita na'urar na farko kaɗai ta riƙe. In tana neman na ashirin sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya nuna mata wancan. Adireshi ɗaya ya faɗi, duk na baya sun tafi. Suna nan kwance a memori, amma ba hanyar zuwa wurinsu.

To, a wani wuri adireshi ke faɗuwa. Na bi kod ɗin, wato rubutun manhajar, tun takwas har huɗu, idona ya yi ja, ban ga ramin ba.

Baba kuwa ya buga duka a firinta, shafi arba'in, ya baje a teburinsa na bakin taga yana zana akwatuna da kibiyoyi da jan biro. Dogo ya ce, "Baba, bishiyoyi fa sun kai ƙararka." Ya ce su zo, yana da takardar da zai rubuta musu amsa. Na yi dariya, amma raina a ɓace yake. A wannan zamanin mutum na neman kuskuren kwamfuta da biro!

Laraba, 9 ga Oktoba

Ba komai. Na kuma ƙona tukunya.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Oga ya kira ni ofishinsa, ya tura ƙofa. Ya ce asibitin na barazanar mayar mana da na'urorinsu goma sha ɗaya, kuma sai an nuna musu wanda ya yi laifi. Sai ya sassauta murya: "Injiniya, ni da ke mun sani, kod ɗin ya tsufa, mai shi ma ya tsufa." Yana son rahoto ranar Litinin 21 ga wata. In rahoton ya ce tsohon kod ne, ƙarshen wata a sallami Baba cikin mutunci, sabon aikin sake rubuta manhajar ya dawo hannuna.

Na gyaɗa kai. Tunda ba mai karanta wannan sai ni, in faɗi gaskiya: daɗi na ji. Shekara huɗu ina gyara abin wani, ina jin "a'a 'yata, ba haka ake yi ba". Har teburin bakin tagar na hango kaina a kai. Da na fito Baba ya miƙo mini ragowar biskit ɗinsa, na ce na ƙoshi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je gaida Inna. Na tarar da kantar kicin ɗinta cike da gwangwanaye da ba komai a ciki, na fara tattarawa. Ta ƙwace tsintsiyar. "Ajiye mini kayana! Ke tun kina ƙarama in kika share ɗaki sai an kwana uku ana neman wani abu." Wai kowane gwangwani da aikinsa. Na bar mata abinta, na kwanta a doguwar kujera har la'asar. Gajiyar nan ba ta barci ba ce.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na je asibitin da kaina. Da ma ban je ba.

Ɗakin jira dogo, kujerun roba jere, na'urarmu a jikin bango kusa da tagar karɓar kati, an manna mata takarda da salatif: a yi haƙuri da ita. Nas ɗin da ke kula da layin ta ce ranar da layin ya ɓace wata mata ta zauna awa huɗu da mahaifinta a keken guragu, lambarsu ta ɓace, ba wanda ya kira su. Tsohon bai ci komai ba saboda gwajin jini, har jiri ya ɗebe shi. Ba cikin faɗa ta faɗa mini ba, shi ya fi ciwo.

Na ce ta tuna abin da ta taɓa kafin allon ya goge. Ta ce, "Ni dai ba abin da na yi, 'yar'uwa. Mai lamba ta farko ne ya gaji ya tafi, na danna soke." Na ce sauran karo biyun fa? Ta ce ai kuwa, su ma na farko ta soke. Yawanci in mutum ba ya nan sai ta kira na gaba kawai, ba ta cika sokewa ba.

A mota maganar soke na farkon nan ta tsaya mini a rai. Na wuce tashar da zan sauka ban sani ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Ni ce.

A sarƙar Baba akwai wani zobe a can gaba wanda ba kowa a cikinsa. Ba lamba, ba majinyaci, adireshin na farko kaɗai yake riƙe da shi. Mai gadi yake ce masa. Amfaninsa, kowane majinyaci yana da wani a gabansa, har na farkon. In za a cire mutum sai a ce wa na gabansa ya tsallake shi ya kama na bayansa, hanya ɗaya ga kowa. A watan Agusta, lokacin da Baba ya tafi aikin idonsa, na ga zoben banza yana cin wuri a memori har bayit takwas, na cire. Na ji kaina wata gwana. Da na cire shi dole na rubuta wa na farko hanyarsa daban, layi biyu kacal. A layi biyun nan na saki zoben tukuna, sannan na koma neman adireshin na bayansa a cikinsa. Zoben da aka saki kuwa nan take na'urar ke goge shi tas. Sai ta ɗauko fanko ta ce shi ne layi.

Na gwada sokewa a lokacin, na tuna. Na soke na uku, na soke na bakwai, na soke na ƙarshe. Na farko ne ban gwada ba, ina sauri in kama mota. Mako guda kuma ina bin kod ɗin ina tsallake layi biyun nan, don nawa ne, na yarda da su. Gyaran gangar Auzinawa.

Gyaran bai fi minti ɗaya ba. Kuma ba wanda zai sani. Ajiyarmu ta kod kwanan wata kawai ake sa mata, ba a sa sunan wanda ya taɓa, saman fayil ɗin kuma har yau sunan Baba ne.

Laraba, 16 ga Oktoba

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Dogo ya ce "wa ya taɓa mini abu?", yana nufin sukundirebansa, na zabura har na zubar da shayi a kibod. Baba ya ɗago ta saman tabarau: "'Yata, kin ga wani abu?" Na ce tukuna.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Da rana sun fita cin abinci, iskar fanka ta watsar da takardun Baba. Na durƙusa ina tattarawa. Shafi na goma sha bakwai: layina biyu, an zagaye su da jan biro. A gefe da ƙaramin rubutunsa, "a mayar da mai gadi", da kwanan wata. 9 ga Oktoba. Ranar da na rubuta "ba komai" a nan.

Kwana takwas yana zaune da abin, yana miƙo mini biskit.

Ya dawo ya same ni da shafin a hannu. Na ce, "Baba, ka sani?" Ya ja kujera ya zauna, ya ce ya san hannunsa, shi ba ya sakin zobe sai ya riƙe na bayansa. Na ce to me ya hana ka faɗa wa Oga, ka san abin da yake shiryawa kuwa? Ya yi 'yar dariya. "Bangon ofishinsa ai kwali ne, 'yata." Sai kuma: "Ba ni na cire ba, ba ni zan faɗa ba. Ni saura kaɗan, ke kina da shekara talatin a gaba." Ya ce tun ranar ya kira nas ɗin sashen safe ya ce kada su ƙara soke na farko, don kada wani ya sake zama banza. Wadda na tarar ta rana ce, saƙon bai kai mata ba, ya kira ta jiya.

Haushi ma na ji, wallahi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Rahoto biyu na rubuta. Na farko ya ce "rauni a tsarin sarƙar", ba ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma duk wanda ya karanta Baba zai kalla. Na biyu yana da watan Agusta, da layi biyu, da ni.

Maigidana ya same ni a teburin cin abinci da su biyun, na kwashe duka na gaya masa. Bai san zobe ba, bai san bayit ba. Ya saurara har ƙarshe yana ɓare lemo, ya ce, "Wanne za ki iya karantawa yana zaune yana kallonki?" Na ce ba shawararsa na nema ba. Ya ce to, ya miƙo mini rabin lemon.

Tsoro nake ji. Aikin nan na sha wuya kafin in same shi.

Litinin, 21 ga Oktoba

Dukansu biyu na sa a jaka. Har muka zauna ban san wanda zan ciro ba. Baba ya zo da rigarsa mai kyau, wadda yake sawa in baƙi za su zo, a goge. Ita ce ta karya ni. Mutum ya yi kwalliya don a kore shi.

Na karanta na biyun. Ƙasa-ƙasa, kamar 'yar firamare. Oga ya ce in maimaita, na maimaita. Ya jefar da biro a tebur: "Mako biyu kina kallona ina ba mutane haƙuri!" Na ce mako ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ban san me ya kai bakina ba. Dogo ya sunkuyar da kai yana tari.

Takardar gargaɗi a fayil ɗina. Sabon aikin an ɗage, ba nawa ba ne kuma. Ni zan bi na'urori goma sha ɗaya in sake loda musu manhaja da hannuna, ni zan tsaya gaban likita. Maganar Baba kuwa, Oga ya ce, "To, a bar wannan." Da aka tambayi Baba ko yana da abin cewa, ya ce a duba fankar nan, tana damun mutane.

Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na dawo na mayar da mai gadi.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Bakwai cikin sha ɗaya. Bayana kamar an daka. A kowace sai na tara layin gwaji na soke na farko sau uku kafin in rufe murfi. Nas ɗin ta ɓare takardar salatif ɗin da kanta, ta ce in na ga tsohon nan mai kiran waya in gaishe shi.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Ƙarshen wata. Yana nan a teburinsa, ya ci biskit, ya yi faɗa da firinta. Oga bai gama huce mini ba, gaisuwa ma da ka yake amsawa.

Na sayi jan biro a shagon ƙasa. Ba wani abu ba ne, allon ne ke sa mini ciwon ido kwanan nan. Na buga shafi shida na sabon gyaran ina zana akwatunan, Dogo ya buɗe baki na ce ya rufe. Baba ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kibiyarki ta karkace." Sannan ya tattara takardunsa gefe guda, ya bar rabin teburin. Bai ce in zo ba. Na ja kujerata.

Gobe ma can zan zauna. Hasken ya fi.