Labulen Falo Ya Tafi Taro

Yaya,

In kin tashi kika ga rana ta shigo falo ba sallama, ba ɓarawo ba ne, ni ce na sauke labulen. Na leƙo kina barci, ban iya tashinki ba.

Jiya likitar nan ta zo gwajin doguwar rigarta, wadda nake haɗawa da tsofaffin leshin marigayiya mahaifiyarta. Saman ya zauna ɗas, ƙarafan tsohuwar lema da na sa a ciki sun riƙe ƙirji da ƙugu yadda nake so. Amma tana zama sai ƙasan ya yage har gwiwa. Ashe leshin wurin ya ruɓe, ban lura ba. Ta ce, "Tela, ki shiga kasuwa ki yanko sabon yadi mana." Na ce mata sabon yadi bai taɓa hawa kekena ba, kuma ba a kanta zan fara ba. Yau da yamma za a karrama ta, na kuwa yi alkawarin a cikin rigar nan za ta tsaya gaban jama'a.

Na zazzage buhunan ƙyallena kaf, babu ruwan zuma irin na labulenki. Ki yi haƙuri. Ki rataya zanin gado kafin in dawo, kada ki sayo sabo, ni zan ɗinka miki wani.

Shekara da shekaru yana rataye yana kallon mutane. Yau mutane ne za su kalle shi.

Ƙanwarki