Tsohuwar Dugabau a Asibiti

Zuwa ga ƙanwata Badi'a, Madadi.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Mudi da jikoki. Yaya damina? Ni lafiya lau a nan Ibadan, sai ciwon ƙafa. Ɗana Uzairu da matarsa suna wurin aiki har magariba, ni kaɗai nake yini, amma abinci ba ya yankewa.

Ranar Talata ina layin ganin likita sai na ji wata tsohuwa tana Hausa. Daga Dugabau ta zo, ɗanta direba ya yi haɗari. Ma'aikaciya tana neman sunansa don ta duba ɗakin da yake, ita kuwa "yaron nan" kawai take cewa. Ɗan fari ne, kin san ba za ta faɗa ba. Har an ce ta matsa gefe.

Na zauna kusa da ita ina jero sunaye. Da na kai Badamasi, ta sunkuyar da kai. Na sanar da ma'aikaciyar da ɗan Turancina na elemantare. Ta duba ɗakin da yake, tsohuwar ta je ta same shi da rai.

Layi ya wuce ni, sai wani makon. Alhamdu lillahi, na daɗe ban yi wa kowa amfani haka ba.

Idan wani zai je Dugabau, a gaya wa gidansu Badamasi ya fara shan kunu.

Yayanki,
Jibirin